Tumatur a buhu: yadda nake nomansa a tsakar gida

Abu na farko dai lokaci ne, kuma nan ne mutane suka fi faɗuwa. Tumatur ba ya son zafinmu na Katsina, da zarar an shiga Maris zuwa Afrilu furen zubewa yake yi tun bai zama ɗa ba, sai ka ga itace kore shar amma ba komai a jiki. Don haka ka zuba iri wajajen Oktoba da damina ta ɗauke, yadda zai yi fure cikin hunturu. Masu noman rani a bakin dam ɗin Ajiwa da Jibiya ma sanyin suke bi.

Iri kuwa ka je wajen masu saida irin lambu ka ce a ba ka UC ko Roma, sun fi tauri, ba sa saurin lugubgubewa. Ka samu tsohuwar roba ka huda ƙasanta, ka zuba ƙasa da taki, ka barbaɗa irin sama-sama kar ka binne shi da zurfi. Cikin sati ɗaya zaka ga ya tsiro. Ka rufe da tsohon gidan sauro don Allah, ni shekarar farko ƙadangaru ne suka cinye mani shi tas a yini guda, kaji suka ƙarasa sauran.

Bayan sati 3 zuwa 4, in ya yi ganye huɗu ko biyar sai dashe, kuma da yamma ake yi bayan la'asar. Buhun siminti da aka wanke ko bokitin fenti ya isa, ka huda ƙasa, tsiro ɗaya a buhu ɗaya, kar kwaɗayi ya sa ka cusa uku. Ƙasarmu rairayi ce ba ta riƙe ruwa, shi ya sa nake haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na kashin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake. A aje buhun inda rana zata same shi aƙalla awa shida.

To ban ruwa, nan aikin yake. Kullum da safe, a gindi ba a kan ganye ba, kuma kar yau ka cika shi gobe da jibi ka manta, wannan rashin tsarin ne ke sa ka ga gindin tumatur ɗin ya yi baƙi ya lotsa ko fatar ta tsage, mutum ya yi ta zargin cuta alhali shi ne ya jawo. Ruwan wanki mai omo ma a kai shi can kwata. In ya fara tsayi ka kafa mashi kara ka ɗaure da tsumma sako-sako.

Tsutsar nan da manoma ke ce wa sharon, wadda ta yi ɓarna a 2016 har tumatur ya gagari talaka, tana shiga cikin ganye ne ta bar farin zane. Duk ganyen da ka gani haka ka tsinke ka ƙone. Ni ina daka ganyen bedi in jiƙa ya kwana, in tace in fesa da yamma, yana ragewa dai.

Wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe zaka fara tsinka. Ɗanyen yana da bitamin C, in ka yanka shi kan shinkafa da wake ko kwaɗon zogale yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ayon mai ƙara jini. Jan launin nan kuma wani sinadari ne da ake ce wa laikofin, jiki ya fi amfana da shi in an dafa da ɗan mai, wato miyar da muka saba. Mai fama da ƙwannafi dai ya bi ɗanyen a hankali, yana iya tayar mashi. In ya yi yawa a yanka a shanya kan tabarma mai tsabta ya zama kauɗa, a aje wa damina lokacin da kwando ke tsada.