Kurakuran da aka fi yi wajen zana alƙaluma, da yadda ake gyara su

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Duk wanda ya mayar da alƙaluma zane, da wannan kimar yake aiki, domin mai kallo yakan yanke hukunci da idonsa tun kafin ya karanta lamba ko ɗaya. Idan zanen ya karkace, hukuncin ma ya karkace, ko da lambobin daidai suke.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne yanke gindin ginshiƙi a zanen da ake nuna yawa da tsawon ginshiƙai. A ce ɗalibai 98 suka ci jarrabawa bara, bana kuma 100. Idan ma'aunin gefe ya fara daga 96 maimakon sifili, ginshiƙin bara zai tashi taki biyu, na bana taki huɗu, sai ido ya ce ai an ninka. Alhali mutum biyu kacal aka ƙaru da su. Ba kullum ake yin haka da gangan ba: Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, da kansa yakan ɗaga farkon ma'aunin idan lambobin sun yi kusa da juna, mai aiki kuma ya kwafa ya liƙa bai duba ba. Gyaran shi ne ka shiga saitin ma'aunin ka mayar da shi sifili, don tsawon ginshiƙi shi ne saƙonsa. In kuwa ɗan bambancin nan kake son nunawa, to koma zanen layi, wanda ba dole ya fara daga sifili ba, ka rubuta ma'aunin ɓaro-ɓaro.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne nuna yawa da girman hoto. Wanda ya ninka faɗin da'ira don ya nuna ninki biyu, ya ninka filinta sau huɗu ne.

Sai zanen da'ira mai yanka-yanka, wanda William Playfair, mutumin Sikotilan, ya fara bugawa a 1801. Mutane suna son sa, ni kuwa ban cika yarda da shi ba. Yana aiki ne kawai idan yankunan sun haɗu sun ba da kashi 100 cikin 100, kuma ba su wuce uku ko huɗu ba. Da zarar sun kai goma, ko biyu sun yi kusa kamar kashi 23 da 26, ido ya ruɗe. Binciken masana ƙididdiga William Cleveland da Robert McGill na 1984 ya nuna mun fi iya kwatanta abubuwan da aka jera kan ma'auni ɗaya a kan kwatanta kusurwoyi. Saboda haka a mayar da yankunan ginshiƙai, a jera su daga babba zuwa ƙarami. Kada kuma a kwantar da da'irar a ba ta kauri don ado, hakan kumbura yankin gaba yake yi.

A taswira, tarkon shi ne zana jimilla tsagwaronta. Idan ka yi wa ƙasashe launi bisa yawan masu wata cuta, Indiya da Sin za su yi duhu kusan ko da yaushe, don kowacce tana da mutane sama da biliyan ɗaya. Taswirar yawan jama'a ka zana ba ka sani ba. Raba adadin da yawan mutanen wurin, ka nuna nawa ne cikin kowane mutum 100,000.

Launi ma ana yi masa almubazzaranci. Layi takwas, launi takwas, ga jerin da ke faɗin ma'anar kowane launi can a gefe, mai kallo na ta kai da kawo da ido. Zaɓi layin da maganarka take kansa ka ba shi launi mai ƙarfi, sauran su zama ruwan toka, ka rubuta sunan kowanne a bakin layinsa. Guji haɗa ja da kore su kaɗai, domin akwai masu wahalar bambance su, akasarinsu maza; a cikin Turawa sun kai kusan namiji ɗaya cikin 12. Buga zanen a baƙi da fari ka gani ko har yanzu ana gane shi.

Akwai kuma taken zane da ba ya faɗin komai, irin "Mace-mace a shekara". Lokacin da Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya, ta fitar da zanenta na 1858 kan sojojin Birtaniya a yaƙin Kirimiya, magana ɗaya take ɗauke da ita: cututtukan da ake iya kauce musu sun fi raunin fagen fama kashe sojoji. Ka san taka maganar kafin ka buɗe kwamfuta, ka sa ta a take, misali "Mace-mace sun ragu da rabi cikin shekara biyar". A ƙasa ka faɗi abin da aka auna, da wane ma'auni, a wace shekara, da inda alƙaluman suka fito.

Kafin ka kai zanen gaban jama'a, nuna wa wanda bai san aikin ba na daƙiƙa goma, ka rufe, ka tambaye shi me ya gani. In abin da ya faɗa ba shi kake nufi ba, koma ka rage kaya.