Yadda ɗalibi zai saita wayarsa don karatu, ya kuma toshe ƙofofin da ake cutarsa ta nan

Yawancin asarar da ɗalibi ke tafkawa ta waya ba ta wuce iri uku: a ƙwace masa WhatsApp ko Facebook, ya rasa aikin da ya kwashe watanni yana rubutawa, ko lokacin karatunsa ya ƙare a kallon bidiyo. Aikin awa ɗaya a cikin saitin waya yana rage su ƙwarai, muddin an yi shi kafin matsalar ta auku.

Fara da layinka. Duk wanda layin ke hannunsa, shi zai karɓi saƙon lambar shiga WhatsApp ɗinka da imel da asusun banki. Shi ya sa ɓarawon waya ba ya ɓata lokaci wajen buɗe makullin allo, zare layin yake yi ya sa a wata wayar. Shiga saitin tsaro, nemi wurin kulle katin SIM, ka sa masa lambar sirri taka, kada ka bar wadda kamfani ya sako da ita. Amma ka kula: in ka yi kuskure sau 3 layin zai kulle ya nemi PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da aka ɓallo layin, in kuma ka kuskure PUK sau 10 layin ya mutu ke nan. Daga nan danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 za ta fito. Rubuta ta a takarda ka adana a gida, don ita ake tambaya in za a kai rahoton sata.

Sai WhatsApp, inda aka fi yi wa ɗalibai sakiyar da ba ruwa. Ga yadda abin ke faruwa. Baƙuwar lamba ta kira ka, mai kiran ya ambaci sunanka da na kwas ɗinku, ya ce za a yi lakca ta intanet da ƙarfe takwas. "An turo maka lamba shida yanzu, karanto min in sa ka cikin jerin." Sunanka da lambarka a zauren ajinku ya samo su. Lambar nan shida kuwa ita ce WhatsApp ya aiko don tabbatar da mai layi, domin mutumin ya riga ya shigar da lambarka a tasa wayar. Kana gama karantowa an fitar da kai, shi kuma ya fara bin 'yan uwanka da saƙon neman rance da sunanka. Babu malami, babu shugaban aji, babu ma'aikacin kamfani da ke da buƙatar wannan lambar.

Rigakafin yana cikin saitin WhatsApp, sashen asusu, tabbatarwa mai mataki biyu. Ka zaɓi lamba shida da ba ranar haihuwarka ba, ka haɗa da imel ɗin da kake buɗewa, don ta nan za ka dawo da ita in ka manta. In kuwa an riga an ƙwace, kada ka tsaya roƙon ɓarawon. Sake shigar da lambar wayarka a manhajar, ka karɓi sabon saƙo, da ka sa lambar an kore shi. Idan ya riga ka sa tabbatarwa mai mataki biyu, za ka iya jiran kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. A sanar da dangi da 'yan aji ta kira tun a ranar. Ka riƙa leƙa sashen na'urorin da aka haɗa: WhatsApp yana barin a haɗa har guda 4, kuma wanda ya ari wayarka minti biyu zai iya haɗa kwamfutarsa ya ci gaba da karanta hirarka. Abin da ba ka gane ba, cire shi. Jabun manhajoji irin su GBWhatsApp kuwa a bar su, kamfanin yana rufe asusun masu amfani da su, kuma ba ka san wa ke ganin saƙonninka ba.

Kalmar sirri ta imel ta zama daban da ta ko'ina, doguwa, aƙalla haruffa 12. Kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna sun fi sunan budurwa da shekarar haihuwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Da ka kunna mataki biyu a asusun Google, za ka iya karɓar lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace tana aiki sau ɗaya. Kwafe su a takarda. Ranar da waya ta ɓata, su ne za su shigar da kai.

Batun adana aiki gajere ne amma kukansa ya fi yawa. Duk rubutun da ke waya ɗaya kawai ko filashi ɗaya, ka ɗauka bai da tabbas. Rubuta aikinka a Google Docs ko ka ɗora shi a Drive duk ranar da ka taɓa shi. Docs yana ajiye tarihin gyare-gyare, saboda haka babin da ka goge bisa kuskure makon jiya yana nan, kuma yana aiki ba data in ka kunna hakan tun da wuri. Abin da mutane ba sa lura da shi: gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi. Hotunan biki da bidiyoyi suna cinye shi a ɓoye, in ya cika kuwa imel ya daina shigowa, har da na makaranta. Hoton allo ko na takardar lakca, a tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto har ƙananan rubutu su dusashe. Kashe saukar da bidiyo da hotuna kai tsaye, ka rage ingancin bidiyon darasi zuwa 480p, rubutun malami zai karantu kuma data za ta yi auki.

Wajen bincike, sa jimla cikin alamar zance in kana son ainihin kalmomin, ƙara filetype:pdf in takarda kake nema, ka kuma saba da Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna da amfani wajen sake bayyana darasin da ya shige maka duhu, ko shirya maka tambayoyin gwaji daga abin da ka karanta. Inda suke kayar da ɗalibi shi ne manazarta: sukan ƙago sunan marubuci da littafi da shekara, su tsara su tsaf kamar gaske. Duk abin da ba ka gano shi da kanka ba, kada ya shiga aikinka. Miƙa rubutunsu a matsayin naka kuwa, ko malami bai kama ka ba, zauren jarrabawa zai kama ka.

Lokaci fa? An gina TikTok da Instagram da gajerun bidiyoyin YouTube yadda ba su da ƙarshe, don haka dogaro da ƙarfin zuciya kaɗai ba ya kai mutum. Buɗe Digital Wellbeing a Android ko Screen Time a iPhone, ka dubi awannin makon jiya da idonka. Kashe sanarwar duk wata manhajar sada zumunta, ka rufe ƙarar zaurukan hira, ka bar na aji kawai. Kana iya sa wa kowace manhaja iyaka, misali minti 30 a rana, sai dai gaskiya cire iyakar ba ta da wuya, dannawa biyu ce. Abin da ya fi aiki shi ne nisa: waya a cikin jaka ko a wani ɗakin har ka gama minti 40 na karatu. In a allo kake karantawa, duk minti 20 ka ɗaga ido ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Da dare kuma a yi cajin waya nesa da shimfiɗa.

Saƙonnin tallafin karatu, data kyauta ko aikin yi daga gida su ne tarkon da aka fi ɗana wa ɗalibai. Koyi karanta adireshi: sunan da ke dab da ƙarshe kafin layin karkace na farko shi ne mai shafin. Adireshi kamar facebook.com.shiga-yanzu.xyz ba na Facebook ba ne, na mai shiga-yanzu.xyz ne. Hoton kwaɗo a gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ne, shafukan damfara ma suna da shi. In an ce sai ka tura wa mutum goma ko ka biya kuɗin fom a asusun wani mutum, rufe shafin, ka je shafin makarantar ko hukumar da kanka ka duba. Haka kada ka ba kowa aron asusun bankinka don a wuce da kuɗi a ba ka kaso. Idan kuɗin na sata ne, sunanka ne a rubuce.

Saura hotuna, kuma wannan ya shafi maza da mata duka. Saƙon da ake buɗewa sau ɗaya bai hana a ɗauke shi da wata wayar ba. Masu yi wa mutane barazana da hoto sukan zo da asusun bogi, su yi kwanaki suna hira mai daɗi, su fara turo nasu, sannan su nemi naka. Da ya shiga hannunsu sai magana ta juya: kuɗi ko a watsa. Kada ki biya, kada ka biya, biyan farko buɗe ƙofar na biyu yake yi. Ɗauki hoton hirar da sunan asusun kafin ka toshe shi, kai rahoto a cikin manhajar, ka kuma faɗa wa babban da ka yarda da shi a ranar, duk da nauyin da maganar ke da shi. Wanda ya kai shekara 18 lokacin da aka ɗauki hoton zai iya amfani da shafin StopNCII.org, wanda bai kai ba a lokacin akwai shafin Take It Down. Dukansu suna ciro wata lamba ta musamman daga hoton a cikin wayarka, ba tare da hoton ya bar hannunka ba, su raba ta ga kamfanonin da ke aiki da su don su gane shi su hana ɗora shi.