Darasi na 7: Gaton Kaka da Rabon Marayu

A Tawa, tun kafin gato, wato kek, ya shigo gidajenmu, tsofaffi suna toya waina ranar Juma'a su raba wa yaran unguwa sadaka. Wannan darasi a kan waccan al'ada ya tsaya. Abin da ya ƙara shi ne awo da lissafi, da zaunar da jika kusa da kakarsa har aikin ya zama nasu su biyu.

Ba sai da murhun masu burodi ba. Babbar tukunya mai murfi, yashi mai tsabta, gawayi, da ƙananan gwangwanayen madara da aka wanke aka daddanne bakinsu don kada su yanki hannu, sun isa. Kayan haɗi kuwa: fulawa giram 500, wato rabin kilo, sukari giram 250, bota giram 250, ƙwai 6, madara kofi 1, da hodar tashin gato leda 1 mai giram 11.

A nan karatu yake amfani. Jika ya ɗauko ledar ya ce:

"Kaka, ga shi an rubuta giram 11."

"Kawo nan, maigida. Ɗora yatsanka a wurin, ni ma in karanta da kaina."

Ta karanta, ta gane 1 da 1 a jere sha ɗaya ne. Shi ya san baƙi, ita ta san hannu, don ita ce ke taɓa kwaɓi ta ce ya yi tauri ko ya yi ruwa.

Kowa ya wanke hannu da sabulu tukuna. A buga bota da sukari har su yi fari, wannan aikin yara ne, suna son shi. Ƙwai a fasa ɗaya-ɗaya a wani kofi daban kafin a zuba, domin ƙwai guda da ya lalace yana ɓata kwaɓin duka. A tankaɗe fulawa tare da hodar, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana sa madara. A shafa wa gwangwani mai, a zuba kwaɓi rabinsa kawai, saboda zai tashi.

Wuta ta babba ce, yaro ba ya kusantarta. A shimfiɗa yashi a gindin tukunya, ya yi zafi kamar minti 15, a jera gwangwanaye, a rufe, a ɗora ɗan garwashi a kan murfi. Yashin ne ke raba zafi don kada ƙasan gato ya ƙone. Bayan minti 25 zuwa 30 a soka tsinke mai tsabta. In ya fito ba kwaɓi a jikinsa, ya gasu. A sauke, a sa wani zubin.

A ce an samu gato 30. Kafin a ɗanɗana, kafin a kai ko ɗaya bakin ƙofa don sayarwa, kaka ta ce wa jikanyarta: "Kishiya, zaɓo mana shida mafi kyau." Mafi kyau, ba waɗanda suka ƙone ko suka fashe ba. Na sha ganin ana tara wa mabuƙaci abin da mai gida ba zai ci ba, kuma abin yana yi mini ciwo. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufin mummuna mu ciyar daga gare shi. Yaron da ya zaɓi mai kyau da hannunsa yana ɗan shekara bakwai, da wuya ya manta.

Shidan nan a rufe su a kwano, jika ya raka kaka gidan da ake riƙon marayu a unguwa. A yi sallama, a gaisa, a miƙa wa uwar gida, a fito. Ba a ɗaukar hoto da salula, ba a ba da labari a bakin famfo. Aya ta 264 a wannan sura ta ce gori da cutarwa suna ɓata sadaka. In asibiti za a kai, a tambayi ma'aikata tukuna, don mai ciwon suga ba a ba shi kayan zaƙi.

Aiki: Ɗauko littafinki. Dala 1 sefa 5 ce, jikka 1 kuma sefa 1,000. An sayar da sauran gato 24, kowane dala 20. Rubuta kuɗin da dala, sannan da sefa. In kayan haɗi da gawayi sun ci jikka 2, nawa ya rage? Ki ba jikanki ya duba lissafin, ke kuma ki duba nasa.