Fumfuna a bangon fenti: kurakuran da na gaji da gani

Dan Allah ku daina shafa fenti a kan fumfuna. Wannan ne ya fi ci min rai, mutum ya ga baƙi-baƙi ya fito a kusurwar ɗaki ko bayan wadirob sai ya ɗauko buroshi ya lulluɓe wai ya gyara, alhali abin nan rai gare shi, ƙura da dattin da ke kan fentin yake ci, kuma muddin akwai danshi ta cikin sabon fentin zai sake ɓullowa. Wani mai fenti ya taɓa rantse min shafi biyu zai kashe shi, wallahi ko damina ba ta wuce ba bangon ya koma yadda yake, fentin ya kumbura yana ɓarewa, kuɗin kaya da na aiki duk suka tafi a banza. A fara kashe shi tukuna. Ni dai bilic, wato ruwan da ake wanke fararen kaya da shi, kashi 1 nake zubawa a ruwa kashi 3, in shafa da soso, in ba shi minti 15, in ɗauraye, sai bango ya bushe ƙayau kafin fenti ya hau, shi ma mai maganin fumfuna.

Sai masu wankewa su koma su kwanta. Haba jama'a! Kun tambayi kanku daga ina ruwan yake zuwa? Ko rufi ke yoyo, ko bututu ya tsage a cikin bango, ko ƙasa ke tsatso ruwa, ko kuma ku ne kuke shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗaki taga a kulle dare da rana. Da zarar laimar ɗaki ta zauna sama da kashi 60 cikin 100 kun yi masa shimfiɗa, jiƙaƙƙen wuri kuwa awa 24 zuwa 48 ta ishe shi ya fara tsirowa. Ku toshe yoyon, ku buɗe taga, ku kunna fanka musamman bayan wanka.

Kar a kankare shi a bushe, ƙwayoyinsa tashi suke yi ku shaƙa, mai asma shi zai fi shan wahala. Kar a kuskura a haɗa bilic da ruwan khal ko amoniya (sinadarin da ke cikin wasu ruwan goge-goge), iska mai guba ke fitowa. A sa safar hannu da takunkumi. Gado da wadirob kuma a janye su daga jikin bango ko da faɗin tafin hannu ne, iska ta samu hanyar wucewa.