Darasi na 7: Daga Kainji zuwa ƙwan fitilar ɗakinka

Toh jama'a, yau darasinmu kan wutar lantarki ne, wadda har gobe muke ce mata wutar Nepa duk da Nepa ɗin ta daɗe da canza suna. In aka kawo wuta yara sai ihu, an kawo an kawo, amma ka tambayi babba ma daga ina aka kawo ta, sai ya nuna maka taransifoman bakin layi. Nan ɗin zango ne kawai ta yada, tafiyarta mai nisa ce.

Mu ɗauki Kainji a jihar Neja. A 1968 aka gama gina madatsar ruwa a kan kogin Kwara, ruwa ya taru ya zama tafki makeke har tsohon garin Bussa ya nutse, aka kwashe mutanensa aka gina musu sabon gari, kun ga tun daga nan wutar ba kyauta ta zo ba. Aikinta kuwa ba wani siddabaru a ciki, ruwan da ya taru a sama ake saki ta manyan bututu ya gangaro da ƙarfi ya bugi farfela, farfela ta juya janareta, janareta ya ba da wuta, sai a ɗora ta kan wayoyin nan masu dogayen ƙarafa da kuke gani cikin daji in kuna tafiya a mota. Duk wanda ya hau keken da, mai ɗan dainamo da ke gogar taya fitila ta kama, ai ya riga ya gane Kainji, a keke ƙafarka ke juyawa, can kuma ruwa. Akwai irinta a Jebba, sai Shiroro da Zungeru a kan kogin Kaduna. Amma fa yawancin wutar ƙasar nan da iskar gas ake yinta a tashoshin kudu, shi yasa in gas ya yanke can sai mu kwana cikin duhu a nan.

Yanzu mu zo kan mita, inda aljihu ke kuka. Kowane kayan wuta akwai lamba a jikinsa da harafin W, wato wat, ita ce ke faɗa maka yawan cinsa. Wat 1000 in ya yi aiki awa ɗaya, yunit ɗaya kenan ya tafi. Tsohon ƙwai mai zafin nan na wat 100 a awa 10 zai cinye yunit guda, shi kuwa farin ƙwai na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci hakan, kuma haske ya ishi ɗaki. Dutsen guga da hita da risho na lantarki su ne manyan maciya, da yawansu wat 1000 ne ko fiye. Hajiya ki jona hita ki tafi hira maƙota, kafin ki dawo kati ya yi ƙasa, sai maigida ya hau zagin mita wai tana gudu, alhali baiwar Allah lissafinta kawai take yi.

Aikin gida: kowa ya duba kayan wuta guda 3 a gidansa, ya kwafo lambar da ke gaban W a littafinsa, in rubutun ya yi ƙanana a sa yaro ya karanto. Sannan ku lissafa min, fanka mai wat 50 awa nawa za ta yi kafin ta cinye yunit ɗaya? Ku zo da amsa ranar Laraba in Allah ya kai mu.