Yadda Ake Ɗaukar Shatar Matsakaicin Jirgin Sama Don Tafiyar Kasuwanci

Wanda ya ɗauki shatar jirgi lokaci yake saye. Shi ke yanka sa'ar tashi, yana sauka a filin da ya fi kusa da inda zai je, kuma yana iya halartar taro biyu a garuruwa biyu ya kwana a gidansa. Sai dai harkar tana da ramuka, kuma mafi yawansu tun kafin a sa hannu a takarda ake faɗa musu. Ga yadda ake bin ta daki-daki.

Da farko, rubuta tafiyarka kafin ka kira kowa

Kada ka nemi farashi sai ka san mutum nawa ne za su tafi, daga ina zuwa ina, wace rana, da irin kayan da za a ɗauka. Ka rubuta ko lokacin yana iya gusawa da awa ɗaya ko biyu, domin wannan sassaucin kaɗai yakan rage kuɗi. Batun kaya kuwa kada a raina shi. Akwati takwas manya daban suke da jakunkunan hannu takwas, kuma kowane kilo da aka ƙara yana iya rage man da jirgin zai iya ɗauka.

Na biyu, tabbatar matsakaicin jirgi ne ya dace da kai

Jiragen wannan rukuni sukan ɗauki fasinja 7 zuwa 9, da matuƙa biyu, da banɗaki mai ƙofa, kuma suna iya yin awa huɗu zuwa biyar a sama ba tare da sauka shan mai ba. Sunayen da za ka fi cin karo da su su ne Cessna Citation Latitude, Hawker 800XP da ƙannensa 850XP da 900XP, Learjet 60, da Embraer Praetor 500. Ana yawan lissafa Citation XLS a cikinsu, amma zangonsa, wato nisan da yake iya ci ba tare da sauka ba, bai kai nasu ba.

Kowanne da halinsa. Latitude, wanda ya fara aiki a 2015, daɓensa shimfiɗaɗɗe ne, tsayin cikinsa ya kai kusan mita 1.8, yana kuma cin kimanin kilomita 5,000. Praetor 500 ya fi shi zango, yana haura kilomita 6,000. Hawker jirgi ne mai ƙarko da wadatar wurin zama, amma ma'ajiyar kayansa a cikin ɗakin fasinja take kuma ba ta da girma, don haka tawaga mai kaya da yawa za ta sha wahala da shi. An daina ƙera Hawker tun 2013, Learjet kuma a 2022. Tsufa kaɗai ba aibu ba ne ga jirgi muddin ana kula da shi bisa ƙa'ida, sai dai ya kamata ka tambayi shekarar ƙira da shekarar da aka sabunta cikinsa.

Zangon da kamfanonin ƙira ke bugawa na ranar da komai ya daidaita ne, da fasinja kaɗan da iska mai kyau. Tsakanin Landan da New York akwai kusan kilomita 5,500, kuma mai tafiya yamma yana fuskantar iska mai ƙarfi, shi ya sa matsakaicin jirgi yakan ya da zango a Keflavik ta ƙasar Iceland ko Gander ta Kanada ya sha mai. Idan ƙetare teku za ka yi ba tsayawa, nemi rukunin da ke gaba, irin su Gulfstream G280, ko ma wanda ya fi su. Filin jirgi ma yana da ta cewa. Inda yake kan tudu ga zafi, kamar Addis Ababa da ke sama da mita 2,300, iska ba ta da kauri, jirgi yana buƙatar titi mai tsawo, wani lokaci dole a rage mai ko fasinja.

Na uku, san wanda ke tafiyar da jirgin

Nan ne nake so mai karatu ya fi tsayawa, domin nan rai yake.

Akwai dillali, akwai kamfanin da ke riƙe da jirgin. Dillali ba shi da jirgi, aikinsa ya zagaya kasuwa ya kawo maka zaɓi, ya ci la'adarsa. Dillali nagari yana da amfani ƙwarai, musamman ga wanda bai saba ba. Amma alhakin lafiyar jirgi, da horar da matuƙa, da yanke hukuncin a tashi ko a fasa, duk suna wuyan kamfanin da ke tafiyar da shi. Saboda haka tambayarka ta farko ga kowane dillali ita ce sunan wannan kamfani, da lambar rajistar da ke jikin wutsiyar jirgin.

Sannan ka nemi a nuna maka lasisin jigilar fasinja don kuɗi, wanda ake kira AOC a mafi yawan ƙasashe. A Amurka hukumar kula da jiragen sama ta FAA ke bayar da shi a ƙarƙashin sashe na 135 na dokokinta, a Turai kuma hukumomin ƙasashe ke bayarwa bisa ƙa'idojin EASA, hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai. Ganin lasisin kaɗai bai wadatar ba. Duba ka ga lambar wannan jirgin tana cikin jerin jiragen da lasisin ya ƙunsa. Akwai masu jiragen kansu da ke ɗaukar fasinja a ɓoye su karɓi kuɗi, farashinsu da sauƙi, domin ba sa bin ƙa'idojin gyara da horo da hutun matuƙa da doka ta ɗora wa 'yan kasuwa. Idan tsautsayi ya faɗa, inshora tana iya ƙin biya. Ɗan ƙwallon Ajantina Emiliano Sala ya rasu a watan Janairun 2019 a irin wannan tafiya, daga Nantes zuwa Cardiff, cikin ƙaramin jirgin da matuƙinsa ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi, kuma a 2021 kotu a Birtaniya ta ɗaure wanda ya shirya tafiyar. Araha irin wannan ba ta ado.

Bayan lasisi, tambayi ko masu binciken waje sun tantance kamfanin. ARGUS da Wyvern suna bin diddigin tarihin kamfani da ƙwarewar matuƙansa, akwai kuma IS-BAO, ma'aunin ƙasa da ƙasa na tafiyar da jiragen kasuwanci lafiya. Nemi kwafin takardar inshora, ka tambayi awannin da kowane matuƙi ya yi a kan wannan samfurin jirgin musamman. Kamfani na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yakan turo amsa cikin ɗan lokaci. Wanda ya fara kame-kame, ka rabu da shi.

Na huɗu, karɓi farashi daga wurare uku ka zauna ka karanta

Tushen lissafi kuɗin awa ne, amma jimillar ba a nan ta tsaya ba. Idan jirgin ba ya garin da za ka tashi, sai ya zo ba kowa a ciki, ya kuma koma haka, kai ne mai biyan wannan zirga-zirga. Shi ya sa jirgi mai tsadar awa da ke kusa da kai yakan fi mai arahar awa da ke nesa sauƙi. Kamfanoni da yawa suna da mafi ƙarancin awannin da ake biya a rana, sau da yawa awa biyu, ko da tafiyar minti arba'in ce.

Sai kuɗin sauka, da na masu hidimar ƙasa, da na ajiye jirgi, da masaukin matuƙa in za a kwana, da izinin ratsa sararin samaniyar wasu ƙasashe, da intanet na cikin jirgi. A tafiyar cikin Amurka akwai harajin tarayya na kashi 7.5 cikin ɗari. A ƙasashe masu sanyi, wanke ƙanƙara daga fukafukai kusan kullum daga baya ake kawo lissafinsa, kuma yana da nauyi. Ka ce a rubuta maka abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, layi bayan layi.

Za a iya yi maka tayin jirgin da zai koma gida ba fasinja, a farashi mai rahusa sosai. Tayin gaskiya ne, amma tafiyar ta dogara da wanda ya yi shatar asali. In ya canza shawara, taka ta rushe. Ban ga hikimar ɗora muhimmin taro a kai ba.

Na biyar, yarjejeniya

Abu uku za ka nema da idonka. Nawa za ka yi asara in ka soke tafiya, kuma daga yaushe asarar ke ƙaruwa. Me zai faru in jirgin ya samu matsala ana gobe tafiya, wa zai nemo madadinsa, wa zai biya bambancin kuɗi. Sannan ko tafiyar tana jiran amincewar mai jirgin, domin jirage da yawa na wasu mutane ne da suka ba kamfani amanarsu, kuma mai abu yana iya cewa yana buƙatar abinsa ranar. Kafin ka tura kuɗi, kira kamfanin ta lambar da ka tabbatar da ita da kanka ka tantance lambar asusun, domin 'yan damfara suna kwaikwayon saƙon imel na dillalai.

Na shida, takardu da ranar tashi

Tura sunayen fasinjoji da kwafin fasfo da wuri. Jirgin shata bai ɗauke wa kowa biza ko binciken kwastan ba, kuma izinin sauka a wasu ƙasashe yana ɗaukar kwanaki. Faɗi tun farko in akwai dabba, makami, manyan batura, ko mara lafiya mai buƙatar iskar numfashi.

Yawanci ba ta babban zauren fasinjoji za ka bi ba, akwai ƙaramar tasha ta jiragen shata, wasu filayen ma kamar Le Bourget a Paris da Teterboro kusa da New York kusan aikinsu ke nan. Karɓi adireshin tashar daidai, ka isa minti 20 zuwa 30 kafin lokaci, ko fiye in tafiyar ƙetare ce. Jirgi zai jira ka, amma jiran yana da iyaka. Filaye masu cunkoso suna ba da ƙayyadadden lokacin tashi, matuƙa kuma doka ta iyakance musu awannin aiki, a Amurka galibi awa 14 ga ranar aiki. In taronka ya ja, sanar da kamfanin nan take don su sake tsari. In kuma kyaftin ya ce yanayi bai ba da damar tashi ba, ko ya ce sai an rage kaya, kada ka matsa masa, ka tambaye shi sabon lokacin da yake ganin za a iya tashi.