Masu zuwa Umra, kada ku bar Jidda ba ku ga Al-Balad ba

Jama'a assalamu alaikum. Duk wanda jirginsa zai tashi daga Jidda, don Allah ya ware yammaci ɗaya ya shiga tsohon gari, wato Al-Balad. Da yawanmu kasuwar tsaraba kawai muka sani, alhali tun zamanin Sayyidina Usman garin nan ne tashar jiragen ruwan Makka. Kakanninmu da suka bi ta Sudan suka tsallaka Bahar Maliya, a nan suke sauka.

Ku je bayan La'asar, domin da rana zafi da gumin bakin teku ba sa barin mutum ya sake. Ku sauka a Bab Makka, wato Ƙofar Makka ta tsohon garin, ku taka da ƙafa, lungunan ba na mota ba ne. Ku ɗaga kai ku dubi gidajen: da duwatsun teku aka gina su, ga tagogin katako masu sassaƙa da ke shigo da iska ba tare da an hango matan gida ba. Wannan dabarar ta burge ni ƙwarai. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya unguwar cikin kayan tarihin duniya a 2014.

Ku nemi Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, sannan ku yi Magariba a Masallacin Shafi'i. Hajiyoyi, a sa takalmi mara tsini.